Na-baya a Gindin Tsani

A kamfanin yawon buɗe ido da Baba Na-baya yake aiki, mutum biyu ake haɗawa da kowace tawagar da za ta hau dutse. Ɗaya yana gaba yana nuna hanya, ɗaya yana can ƙarshen layi, ba ya wuce kowa. Dokar gajera ce: duk wanda ya gaza a hanya, na baya ya zauna da shi har sauran su sauko. Sama da shekara goma yana wannan aikin, har sunan ya bi shi gida. Maƙwabta Na-baya suke ce masa, matarsa ma idan ranta ya ɓaci haka take kiransa.

Kafin nan direban motar kaya ne, ciwon baya ya sauke shi daga sitiyari. Mutum ne mai tsari. A jakarsa ba a rasa gorar ruwa shida, bandeji biyu, man zafi, lema ɗaya, tabarmar roba da ƙullin alawa. Idan baƙi goma suka yaba wa kamfanin, bakwai shi suke ambata. Su ce dattijon nan akwai haƙuri, bai taɓa sa mutum ya ji kunyar gazawa ba.

Tafiyar ta yini ɗaya ce. Mota ta ɗauki mutane da safe daga ƙofar ofis, ta sauke su a filin duwatsu. A nan ake ganin abin mamaki: wani dutse kamar tukunya a kife, wani kamar raƙumi ya gurfana, wasu uku sun hau kan juna, na sama ya fi na ƙasa girma, har mutum ya ji tsoron yin tari a kusa. Daga nan a bi wata tsaga tsakanin duwatsu biyu, mutum ɗaya ɗaya, a ɓulla wani ɗan fili mai inuwa. A ƙarshen filin akwai tsanin ƙarfe da aka kafe a jikin dutse. Wanda ya gama tsanin nan ya kai ƙololuwa.

Na-baya bai taɓa gama shi ba.

A makonsa na farko ya gwada. Ya ɗan yi nisa, ya dubi tsakanin ƙafafunsa, tsoro ya kama shi, ya sauko ya ce takalminsa ne ya kwance. Ranar an dace wani mai ƙiba ya riga ya zube a inuwa, sai ya zauna da shi. Washegari ma aka samu wata mai haki. Da farko sa'a ce kawai. Daga baya ya daina jiran sa'a. Tun a mota yake duba takalman mutane da yadda suke numfashi, ya zaɓi nasa. Ba ya yi wa kowa ƙarya. Gaskiya yake faɗa, amma ya san lokacin faɗarta. Ya ce yau akwai iska a sama. Ya ce saukowa ta fi hawa wuya. Ya ce kyawun wurin duk a ƙasa yake. Kafin a isa tsani mutum ya riga ya saduda, sai tabarma ta fito.

A gida kuwa, babu wanda ya kai shi ba da labarin ƙololuwa. Abin da ya ji daga bakin Dogo, abokin aikinsa mai jan gaba, da abin da ya gani a wayoyin baƙi, shi yake haɗawa ya zuba wa iyalinsa bayan cin abinci. 'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata, da labarin nan ta girma. Tun tana makaranta take cika baki da shi, har ta gama ta zama nas a babban asibiti.

Wata Asabar da safe ya iso ƙofar ofis da jakarsa, ya tarar da ita tsaye a jikin mota, da hular rana da gorar ruwa, tana murmushi har kunne.

"Ba-zata na yi maka, Baba," in ji ta. "'Yan sashenmu ne gaba ɗaya. Na ce musu yau ubana zai kai mu sama da kansa."

Ya yi dariya yadda ya kamata uba ya yi. Ya gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, idonsa yana ƙasa. Mutum tara, takalma goma sha takwas, kuma duk na kirki ne. Takwas daga cikinsu matasa ne waɗanda suka saba yini a tsaye, suna hawa bene da gudu. Ta taran ce kaɗai ta tsaya masa a ido: tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya amma ba ta daina leƙa sashen ba, kowa yana ce mata Iya. Gajera ce, da sanda a hannu, ta sa wando a ƙarƙashin zaninta, takalminta sabo fil.

Dogo ya zo ya karɓi jakar igiya, ya dubi yarinyar, ya dubi uban, ya ce, "Yau gida ya zo aiki ke nan." Bai ƙara ba. Shekarun da suka yi tare, Dogo bai taɓa tambayarsa komai ba, shi kuma bai taɓa yarda su haɗa ido a gindin tsani ba.

A mota surutu ya kaure. Wani saurayi mai ɗaukar hoton ƙashi, wanda suke kira Mai-hoto, shi ne bakin tawagar. Ya juyo daga kujerarsa ya ce, "Baban Nas, wai gaskiya ne daga sama ana hango asibitinmu? In haka ne ni ba zan hau ba, kada shugaban sashe ya hango ni ya ce in zo in karɓi aiki."

"Kai da ba a ganinka ko kana cikin asibitin," in ji Iya. Mota ta kwashe da dariya.

Na-baya ya koma kujerar da ke kusa da Iya. Ya tambaye ta lafiyar ƙafa. Ta ce an yi mata aiki a gwiwa bara, likita ya ce ta warke sarai. Tun da yarinyar nan ta kawo maganar dutse take zagaya filin ƙwallon unguwarsu kullum da safe, jikokinta suna yi mata dariya. Takalmin ma don wannan tafiyar ta saya.

"Madalla," ya ce. "Gwiwa dai ba ta son saukowa. Hawa ba komai ba ne."

A filin duwatsu aka watse ana hotuna. Uwata ta riƙo hannun ubanta ta ja shi gaban duwatsun nan uku, ta sa ya yi wa abokan aikinta bayani. Nan kam gidansa ne. Ya nuna musu inda ruwan sama ya ci gindin dutsen har ya zama siriri, ya nuna musu ramin da ƙadangaru suke kwana, ya sa Mai-hoto ya tura dutsen sama da iya ƙarfinsa, bai ko motsa ba. Uwata tana gefe tana kallon fuskokin mutane, tana jin daɗi kamar ita ta jera duwatsun.

Da aka shiga tsaga, layi ya miƙe, ya rage shi da Iya a baya. Tana tafiya a hankali amma ba ta tsayawa. Numfashinta daidai yake. Ya saurara da kyau, ya ji babu haki ko kaɗan, abin ya dame shi. Ya miƙa mata ruwa, ta ce ba ta jin ƙishi. Ya ce ta huta, ta ce sai an kai.

"Iya, kina jin iskar nan?" ya ce. "Nan tsakanin duwatsu ke nan. A sama babu abin da yake tare ta."

"Allah ya sawwaƙe."

"Amin. Ƙarfen tsanin ma da rana yakan yi zafi. Kuma sanda ba ta hawa, a ƙasa ake barinta."

Can gaba kaɗan ya ƙara da cewa bara wata mata ta hau lafiya lau, saukowa ce ta gagara, sai da aka ɗaure ta da igiya kamar buhu, yara suna ɗauka a waya. Wannan ma gaskiya ne, an yi. Ya ga yadda Iya ta ƙara damƙe sandarta, ya san magana ta shiga.

A gindin tsani Dogo ya jera mutane, ya yi musu bayanin yadda ake kama ƙarfe. Iya ta ɗaga kai ta bi tsanin da kallo har inda ya ƙare, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, da ƙaramar murya, "Ku je, yara. Ni nan ma ya ishe ni."

Aka yi ta lallashinta, ta girgiza kai. Na-baya ya riga ya zaro tabarma.

"Baba, kai fa?" in ji Uwata.

"Doka ce, Uwata. Ba a barin baƙo shi kaɗai."

Mai-hoto ya ce, "To ni in zauna da Iya mana. Dama ƙafafuna sun fara kai ƙarata. Kai ka hau da 'yarka."

"A'a, ɗana. Sai ma'aikacin kamfani. In wani abu ya faru, ni za a tambaya."

Uwata ta juya ta fuskanci tsani. Ta gyara hularta ta kama ƙarfe. Ya bi su da ido, takwas da Dogo tara, har ƙafar na ƙarshe ta ɓace a sama.

Ya shimfiɗa tabarma a inda ya saba, ya buɗe lema, ya fito da alawa. Iya ta ce ta gode, ba ta sha. Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta kwance takalman ta ajiye su a gabanta, ta jera su daidai. Daga sama ana jiyo ihun yaran da dariyarsu.

"Jikata ƙafarmu ɗaya," ta ce. "Sai in ba ta su."

Ya mayar da alawar cikin jaka.

"Baban Nas, ka yafe mini."

"Subhanallahi, Iya, me kika yi?"

"Na hana yarinyar nan abin da ta zo nema. Kullum a ɗakin hutu maganarka take yi. Wai za ta tsaya da kai a can sama a ɗauke ku, ta manna a bangon ɗakinta. Ga shi tsohuwa ta zo ta zaunar da kai a ƙasa. Da na sani da na yi zamana a gida, wallahi kunya ta ishe ni."

Mutane da yawa sun zauna a tabarmar nan. Wasu sun yi barci, wasu sun ci alawa sun ba shi labarin 'ya'yansu, wasu sun zagi wanda ya kafa tsanin. Babu wanda ya taɓa ba shi haƙuri. Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a kan takalman, ya ga ko ƙasansu bai gama yin datti ba.

Iya ta share ido da gefen mayafi. "Ka gaya mini tsakani da Allah. Ka taɓa ganin sa'ata ta hau abin nan?"

"Na gani."

"Masu gwiwa irin tawa?"

"Har waɗanda ba su kai ki ƙarfi ba."

Ta juyo ta dube shi sosai, irin kallon da ta saba yi wa masu jinya idan labarinsu bai haɗu ba. Bai jira tambayar ba. Ya miƙe ya ce, "Sa takalminki, Iya."

Ya ƙwala wa Dogo kira ya sako igiya. Ya ɗaura mata a ƙugu da kansa, ya ja ƙullin ya tabbatar, ya karɓi sandar ya jingine. Ya gaya mata inda za ta sa ƙafa, ya ce kada ta dubi ko'ina sai ƙarfen da ke gaban hancinta. Wannan bayanin ya iya shi, ya ji shi daga bakin Dogo ba iyaka. Iya ta yi bismillah ta kama. A hankali take tafiya, kamar yadda ta yi a tsaga, kuma ba ta tsaya ba. Da hannun Dogo ya kamo nata, sai tafi ya ɓarke a sama.

Ya rage shi kaɗai, da tabarma babu kowa a kai.

Kan Uwata ya leƙo daga bakin dutse. Fuskarta duk haske. "Baba, taho. Yanzu ai babu wanda ya rage."

Wasu kawuna suka leƙo kusa da nata, da wayoyi a hannu. Ya duba hagu ya duba dama, kamar mai neman wani baƙo da aka manta a bayan dutse. Sannan ya ajiye jaka ya kama tsani.

Farkon bai yi wuya ba. Ya bi shawarar da ya ba Iya, ya kafe ido a kan ƙarfe. Ya wuce inda ya tsaya a makonsa na farko. Sai iska ta zo, iskar da ya yi shekaru yana ba mutane labarinta, ta shiga rigarsa ta kumbura ta. Idonsa ya zame ƙasa da kansa. Ya hango tabarmar ta zama kamar hankici. Daga nan hannuwansa suka ƙi sakin ƙarfe, gwiwoyinsa suka kama rawa har tsanin yana amsawa.

"Baban Nas yana duba ƙusoshi ne," in ji Mai-hoto daga sama. "Aiki ba ya barin ma'aikaci." Aka yi dariya.

Uwata ba ta yi ba. Ta ga gwiwoyin. Ya ji muryarta ta canza, ta koma wadda bai taɓa ji a gida ba. "Kowa ya mayar da wayarsa aljihu. Ku matsa baya, ku ba ni wuri."

Ta juyo ta sauko, har takalminta ya zo daidai saman kansa. Ta yi magana ƙasa ƙasa yadda shi kaɗai zai ji.

"Baba, jiri ne?"

"Uwata, ba zan iya ba."

"Sama ko ƙasa?"

"Ƙasa."

"To. Ja numfashi. Saki hannun dama kawai, na hagu yana nan. Yauwa. Yanzu ƙafar dama, nemi ƙarfen da ke ƙasa. Yana nan, ba inda ya je."

Haka ta sauko da shi, hannu, ƙafa, hannu, ƙafa, kamar tana koya wa wanda ya tashi daga doguwar jinya tafiya. Da ya taka ƙasa ya zube a tabarma. Tafukan hannunsa sun saluɓe saboda riƙo. Ta buɗe jakarsa ta ɗauko gora ta ba shi, ta tsuguna a gabansa.

"Yau ya fara?"

Ya so ya ce eh. Ciwon baya yana nan, tsufa yana nan, kowanne zai isa. Ya girgiza kai.

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Labaran fa?"

"Na Dogo ne."

Ta sunkuyar da kai. Ya zaci kuka za ta yi, sai ya ga tana kallon sandar Iya da ke jingine a jikin dutse. Ta daɗe tana kallonta.

"Iya ba ta gaji ba ɗazu," ta ce. "Na san tafiyarta. Me ka gaya mata a tsaga?"

Ya kawar da kai, ita kuma ba ta sake tambaya ba. Ta koma gefen tabarmar ta zauna, ta ba shi kafaɗa. Ba ta sake hawa ba. Suna nan zaune har mutane suka fara saukowa, Iya a tsakiya, da igiyarta, tana yi wa Mai-hoto faɗa ya daina taka mata yatsu.

A wajen mota abin ya fi yi masa nauyi. Iya ta tsayar da kowa, ta ce tana da magana. Ta ce ita ta riga ta cire takalmi ta haƙura, bawan Allahn nan ne ya ce ta tashi. Ta ce ga shi shi kansa ba ya jin daɗin jikinsa yau, amma bai bar tsohuwa ta koma gida da baƙin ciki ba. Ta yi masa addu'a mai tsawo, kowa yana cewa amin. Ko ta gane ko ba ta gane ba, bai iya karantawa a fuskarta ba. Ya tsaya da hannuwa a baya yana karɓar godiya. Uwata ta riga ta shiga mota, tana kallon waje ta ɗaya tagar.

Sun isa gida rana ba ta faɗi ba. Matarsa tana kicin, ana jin ƙarar ludayi a tukunya. Uwata ta zaunar da shi a kujerar tsakar gida, ta kawo ruwan ɗumi a roba da auduga. Ta wanke masa tafukan hannu, ta shafa magani, ta naɗe da bandejin jakarsa, duka biyun. Hannunta bai yi masa zafi ba, kuma bai yi masa laushi ba.

"Tsoron tsani ba komai ba ne, Baba," ta ce tana ɗaure bakin bandejin. "Muna da likitan da ba ya iya kallon allura a jikinsa. Da ka gaya mini tun ina yarinya, da dariya kawai zan yi." Ta ɗago. "Su nawa ne kafin Iya?"

Ya san adadin. Mutum ne mai ƙirga komai, wannan ma ya ƙirga. Ya faɗa mata. Ta rufe ido kaɗan, ta buɗe.

"Ka bar mutane su isa tsanin da ƙafarsu. Wanda ya gaza, ya gaza. In babu wanda ya gaza, ka ce wa Dogo kai ne."

"To, Uwata."

Daga kicin matarsa ta ɗaga murya. "Wai ina hoton ne? Tun safe nake jiran in ga uba da 'ya a saman dutse. Ku kawo mini nan, hannuna da mai."

Ya dubi 'yarsa. Tana matse audugar a cikin roba, ba ta ɗago ba, kuma ya ga ba ta da niyyar amsawa a madadinsa.

"Babu hoto," ya ce. Muryar ba ta fita sosai ba, sai ya gyara ta. "Rage wutar ki zo ki zauna. Akwai magana."